SU A DAM ƊIN CHALLAWA: KADA MU CINYE IRI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka taimake ni da ɗan fili in bai wa 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi, da abin da na gano wanda ya tsaya mini a rai.

A watan Mayu, sa'ad da bazara ta kai matuƙa, na tashi daga Kano na bi hanyar Gwarzo zuwa Karaye, na zarce ƙasar Rogo, na sauka wurin wani abokina a Ruwan Bago. Da asuba ya ɗauke ni a babur muka nufi bakin dam ɗin Challawa, don na daɗe ina jin labarinsa, gani kuwa ya kori ji.

Wannan dam yana ƙasar Karaye, wajen mil 56 kudu maso yamma da birnin Kano. An fara gininsa a 1990, aka gama a 1992, watau ƙane ne ga na Tiga wanda aka gama a 1974. Tsayin bangonsa ya kai ƙafa 138, tsawonsa kuwa kusan mil 5, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke riƙe da shi. Mun tarar ruwa ya ja baya ƙwarai, ya bar laka ta dardare, shanu na kiwo inda jirage ke bi da kaka. Duk da haka in ka tsaya a gaɓa, da ƙyar ka ke hango ƙetare.

Hantsi na yi sai ga masunta sun fara fitowa cikin kwalekwale. Na ga karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, masu saye na ta ciniki, mata na hura wutar suya. Amma da na leƙa cikin kwanduna sai jikina ya yi sanyi. Yawancin karfasan ba su kai tafin hannun yaro ba. Can gefe kuma na ga samari biyu suna jan wani abu cikin ruwa, na matsa, ashe gidan sauro ne aka ɗinka aka mai da shi taru. Abin da suka kwaso ba ƙirga shi a ke yi ba, da kwano a ke awo.

Na sami wani tsohon masunci yana gyaran birgi a inuwa, muka gaisa. Na ce, "Baba, haka kifin nan ya ke tun da fari?"

Ya ce, "Ina! Malam, sa'ad da ruwan nan ya ke sabo, idon kallinmu yatsa huɗu ke shiga. Yau wanda ya kafa irinsa sai ya kwana da yunwa."

Na ce, "To, me ya hana ku bar ƙananan su girma?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai albashi ka ke ci. In na sake shi yau, gobe wani ya kwashe, ni kuwa ga iyali na jira."

Na rasa amsa, don maganarsa gaskiya ce. Ba mugunta ke sa su ba. Ruwan ne ba shi da makiyayi, kowa na tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi.

Ya kamata mu san yadda kifin nan ke hayayyafa, sa'an nan mu gane girman ɓarnar. Namijin karfasa ya kan tona ɗan gurbi cikin yashi a bakin gaɓa, macen ta zuba ƙwai, ta kwashe cikin bakinta, ta riƙe ba ci har su ƙyanƙyashe. Wanda ya ja taru a wurin nan ya rushe gurbi, ya kama uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Tarwaɗa kuwa ruwan fari ta ke jira. Da sabon ruwa ya malalo ya rufe ciyawa, sai ta haura da dare ta zuba ƙwai. A lokacin nan kamunta ya fi sauƙi, a lokacin nan kuma ya fi ɓarna. Ko manomin da yunwa ta matsa ba ya dake irin shuka.

Ranar nan da la'asar hadari ya haɗu, aka ɗan yi yayyafi. Da magariba sai gina ta tashi tana faɗawa cikin ruwa, ƙananan kifaye na tsalle suna cafkewa. Wannan ya tuna mini wani irin su na Turawa da na karanta. A ƙasashensu masu sanyi akwai kifi wai shi tirawut, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi garau, don haka ba zai zauna a namu ba. Ba sa sa wa fatsarsu tana. Gashin tsuntsu su ke ɗaura wa ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta sauka bisa ruwa a hankali, kifi ya zaci abinci ne ya haɗiye. Watan Mayu ne lokacin da suka fi so, don a nan ƙwarin ruwa ke tashi. Har a manyan dam na cikin duwatsu su ke yi, kamar na Vyrnwy a ƙasar Wales, wanda aka gama gininsa a 1888 don bai wa birnin Libaful ruwan sha.

Ban kawo wannan don mu kwaikwayi fatsarsu ba. Su nishaɗi su ke yi, namu kuwa abinci su ke nema. Dokarsu ce abin dubawa. A Ingila ba a jefa fatsa sai da lasin, wanda ya kama ƙarami sai ya mayar, in kuma lokacin zuba ƙwan tirawut ya zo da hunturu, sai a rufe kogi sai bazara.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. A Argungu, inda aka fara bikin su a 1934, a kan hana kamun kifi a Matan Fada, ba mai shiga da koma sai ran da aka ba da izini. Abin da ya sa a ke fito da giwan ruwa mai girman mutum ke nan. Gwamnatin Tarayya ma ta yi dokar su a 1992, shekarar da aka gama wannan dam. Ta hana zuba guba da sa nakiya da lantarki, ta hana raga mai ido ƙasa da inci 3. Doka na nan a takarda, mai tsaronta a bakin ruwa a ke nema.

Ga shawarata, in manya sun yarda. Na ɗaya, hakimai da dagatai na ƙasashen da suka kewaye ruwan su tara Sarakunan Ruwa, a shirya a kan magana guda, don in gaɓa ɗaya ta hana ɗaya ta bari, aikin banza ne. Na biyu, a rufe bakin rafuka da wuraren zuba ƙwai daga faɗuwar ruwan fari har kamar wata biyu. Lokacin shuka da noma ne, yawancin masunta kuwa manoma ne, ba za su rasa abin yi ba. Na uku, kada a ƙwace ragar talaka a bar shi hannu sake. A ba shi mai faɗin ido bashi, ya biya sannu a hankali. Gidan sauro kuma ya koma kan gado, inda zai tsare yara daga zazzaɓi.

Da za mu rabu, tsohon nan ya ce mini, "In dai kowa zai bari, ni ne na fari." Na tabbata irinsa suna da yawa. Ina roƙon 'yan'uwa na Tiga da Haɗejiya da Yawuri su rubuto su gaya mana yadda su ke yi a wajensu, ko ma ƙaru da juna. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Kano.