Jirgin da Babu Direba

Kowane fanni na rayuwa yana da mabiyansa waɗanda ba sa gajiya da gardama a kansa. 'Yan ƙwallo suna da tasu, masu kiwon tantabara suna da tasu, ma'abota dambe kuwa ba a magana. To, haka nan a Amurka da Turai da Japan akwai wasu mutane da wani abin wasa ya shiga musu jini, wato jirgin nan na wuraren shaƙatawa da Turawa ke kira rola kosta, ni kuwa nake ce masa jirgin hawa da gangara. Ƙananan taragai ne a kan dogo, a ja su har can ƙololuwa, sannan a sake su su gangaro da mutane a ciki suna ta kururuwa, wani lokaci ma har a kifa su kai a ƙasa, in an sauke su kuma su sake komawa layi. Tun a 1978 masoyan wannan jirgi a Amurka suka kafa ƙungiyarsu, kuma da yawansu suna riƙe da lissafin jiragen da suka taɓa hawa kamar yadda mai kanti ke riƙe da littafin bashi.

Na daɗe ina bibiyar gardamar waɗannan mutane, domin aikina koyar da Fiziks ne a makarantar sakandare, kuma babu misalin da ke shiga kan yara da sauri kamar wannan jirgi. Galibin gardamar tasu ba ta wuce wane ya fi tsayi, wane ya fi gudu, na katako ya fi daɗi ko na ƙarfe. Ni a nawa ra'ayin, duk wannan ado ne. Abin da ya kamata a auna jirgi da shi shi ne yadda ake kula da shi da yadda ake gudanar da shi kullum, domin wanda ya zauna a ciki aka ɗaure shi ya riga ya miƙa ransa amana ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Bari mu ɗan waiwayi asalin abin. A ƙasar Rasha, tun ƙarni na 17, ana gina tudun katako a lokacin hunturu a zuba masa ruwa ya daskare, mutane su riƙa sulalowa. Shi ya sa har yau Faransawa ke kiran jirgin duwatsun Rasha, su kuwa mutanen Rasha suna ce masa duwatsun Amurka. A jihar Fensilbaniya ta Amurka an shimfiɗa wani dogo a 1827 don gangaro da gawayin kwal daga kan tudu, daga baya mutane suka fara biyan kuɗi don a gangaro da su. A 1884 wani mai suna LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island ta birnin New York, kuɗin hawa santi 5, gudunsa kuwa kimanin kilomita 10 a awa, wato ko ɗan keke zai iya wuce shi. A 1959 kuma aka buɗe Matterhorn a Disneyland, wanda ya zo da dogo na bututun ƙarfe da ake iya lanƙwasawa yadda aka so, daga nan gasar tsayi da gudu ta samu hanya.

Idan na zo darasin ƙarfin ajiye da ƙarfin motsi, nakan tsaga tsohon tiyo gida biyu, in ɗaura bakinsa ɗaya a jikin taga, in lanƙwasa sauran ya yi tudu da kwari a kan bencina, sannan in saki ƙwayar boris daga sama. Yara sukan gani da idonsu cewa muddin tudu na biyu ya fi na farko tsayi, ƙwayar ba ta haye shi, sai ta dawo da baya. To haka jirgin yake. Taragan ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su zuwa tudun farko, ko kuma wata na'ura ta cilla su tun daga tasha, daga nan sai jan ƙasa ya karɓi aiki har ƙarshe. Wata rana wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in babu inji babu direba, wa zai tsayar da shi?" Wannan tambaya ta fi mini duk gardamar da na karanta, domin amsarta ita ce ainihin aikin da masu sha'awar tsayi ba su cika magana a kai ba.

Ga kaɗan daga amsar. Kowane tarago yana riƙe da dogo ta wuri uku: tayoyi a sama, tayoyi a gefe, da wasu a ƙarƙashi waɗanda ke hana shi tashi ko da an kifa shi. Wani Ba'amurke mai suna John Miller ne ya yi wa wannan dabara ta tayar ƙarƙashi rajista a 1919. Ƙarar nan ta kwas-kwas-kwas da ake ji lokacin da jirgi ke hawa, wani ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙoran da aka jera a kan dogo, don in sarƙa ta tsinke kada jirgin ya koma da baya. Shi kansa zagayen da ke kifa mutane, da farko an yi shi kamar zobe sak, kamar wani da aka buɗe a Coney Island a 1895, sai fasinjoji suka riƙa saukowa da ciwon wuya. Sai a 1976 Jamusawa biyu, Anton Schwarzkopf da Werner Stengel, suka fito da zagaye mai siffar ƙwai a tsaye a wani jirgi da ke Kalifoniya: faɗi a ƙasa inda gudu ya yi yawa, matsi a sama inda gudu ya ragu, don nauyin da ke danne jiki ya tsaya iya abin da ɗan'adam zai ɗauka.

Babbar dabarar kuwa ita ce yadda ake raba dogon kashi-kashi. Kowane kashi yana ƙarewa da wurin da za a iya tsayar da jirgi, kuma kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga kashin da wani jirgin bai fita ba. Birkin ma an tsara shi ne yadda in wuta ta ɗauke zai kama da kansa. Saboda haka in ka ji an ce jirgi ya tsaya cak a sama da mutane a ciki, sau da yawa ba lalacewa ba ce, na'urar ce ta yi aikinta.

Abin da ya faru a Alton Towers ta Ingila ranar 2 ga Yuni, 2015, ya nuna inda gizo ke saƙar. An tura tarago babu kowa a ciki don gwaji a jirgin da ake kira Smiler, iska mai ƙarfi ta rage masa gudu ya tsaya a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta gane haka, ta riƙe taragon da ke biye mai ɗauke da mutum 16. Injiniyoyin da suka zo suka ɗauka kwamfutar ce ta rikice, domin ba su san an ƙara tarago na biyar a kan dogon ba, sai suka buɗe hanya da hannunsu. Taragon fasinjoji ya je ya daki wanda ke tsaye, kuma 'yan mata biyu sai da aka yanke wa kowacce ƙafa ɗaya. A watan Satumba na 2016 kotu ta ci kamfanin Merlin mai wurin tarar fam miliyan 5, ta kuma ɗora laifin a kan rashin tsari da rashin isasshen horo daga kamfanin. Ƙarfe bai karye ba, birki bai ƙi kamawa ba. Labari ne bai isa daga baki zuwa kunne ba. Haka kuma a ƙarshen Yuni na 2023, a wurin shaƙatawa na Carowinds da ke Amurka, wani baƙo ne ya ɗauki hoton tsaga a ginshiƙin jirgin Fury 325 mai tsayin mita 99, yana motsi duk lokacin da taragai suka wuce. An rufe jirgin, aka sauya ginshiƙin, aka sake buɗewa a watan Agusta.

Yanzu mu dubi su zakarun tsayi da gudu. A 2005 aka buɗe Kingda Ka a jihar New Jersey, tsayinsa mita 139, yana kai gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi, tafiyar duka ba ta kai minti ɗaya ba. Masoya sun yi ta tururuwa daga ƙasashe don su rubuta shi a littafinsu. A watan Nuwamba na 2024 aka rufe shi, a watan Fabrairu na 2025 aka dasa masa nakiya aka kayar. Tun 2010 ma Formula Rossa na Abu Dabi ya ƙwace masa kambin gudu da kilomita 240 a awa, har sai an sa wa fasinja tabarau saboda yashi da ƙwari, shi ma a ƙarshen 2025 Falcons Flight da ke Qiddiya kusa da Riyad ya sha gabansa da kilomita 250. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana.

Amma ga Cyclone na Coney Island, wanda aka buɗe a 1927, dogonsa na katako, tsayinsa mita 26 kacal. A shekarun 1970 an so a rushe shi, mutanen gari suka tsaya kai da fata har aka fasa, a 2027 kuma zai cika shekara 100. A lambun Tivoli na birnin Kopenhagen akwai wani na 1914, a Melbon ta Ostireliya akwai wani na 1912, dukansu biyu da mai birki a cikin jirgin yana riƙe da sanda, yana auna gudu da hannunsa. Jirgin katako ba ya kai wannan shekaru sai da kafintocin da ke taka dogon da ƙafa da sassafe kafin a buɗe ƙofa, suna duba kowane noti, suna cire katakon da ya gaji. Ba a rubuta sunayensu a allo, amma su ne suka riƙe jirgin.

Na san mai son tsayi zai ce mini ai gasar ce ke kawo ci gaba, da ba don ita ba da har yanzu ana kan gudun ɗan keke. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Birkin maganaɗisu da ke tsayar da jirgi ba tare da ya taɓa shi ba, ƙoƙarin cin gasa yana cikin abin da ya yaɗa shi. Abin da nake cewa shi ne, tsayi ana sayensa rana ɗaya da kuɗi, kulawa kuwa kullum ake biyanta, kuma ita ce farkon abin da mai wuri ke ragewa in kasuwa ta ja baya.

Ko a jin daɗin baƙo ma, ma'aikatan tasha sun fi tsayi tasiri. Mu yi lissafi irin na aji. Jirgi mai kujera 32, in ana sallamarsa kowane minti ɗaya da rabi, zai tashi sau 40 a awa, ya ɗauki mutum 1,280. In ma'aikata suka yi sanyin jiki ya koma minti biyu da rabi, sau 24 ke nan, mutum 768. Jirgi ɗaya, dogo ɗaya, amma mutum 512 sun ƙaru a cikin rana kowace awa. Gwanin ma'aikaci shi ne mai sauri wanda duk da haka ba ya tsallake kujera ɗaya bai taɓa makarinta da hannu ba. Abin da ba na so shi ne yadda dogon layi ya zama haja. Kamfanin Disney ya fito da tsarin FastPass a 1999 kyauta, a karɓi tikiti a dawo a lokacin da aka rubuta, amma a 2021 ya maye gurbinsa a Amurka da tsarin biyan kuɗi. Ni da nake wuni ina koya wa yara bin layi, ba na jin daɗin wurin da yaro zai tsaya awa guda yana kallon wasu suna wuce shi don iyayensu sun fi nasa kuɗi.

Mu nan ba mu da irin waɗancan dogayen jirage, amma ranar Sallah da lokacin hutu mukan kai yara wuraren wasa su hau lilo da ƙananan taragai, kuma amanar ɗaya ce. Saboda haka ina ba iyaye 'yan'uwana shawara, kafin ka sayi tikiti ka tsaya minti biyar ka kalli mai kula da na'urar. Yana duba makarin kowane yaro, ko hankalinsa na kan waya? Yana mayar da yaron da bai kai tsayi ba ko da ubansa ya yi magiya? An gwada abin babu kowa a ciki kafin a fara ɗiba? Akwai tsatsa a gindin ƙarfe, ko noti da aka maye da waya? In ka ga ma'aikaci ya tsayar da wasa yana dube-dube alhali jama'a suna ta masa tsawa, to kada ka shiga cikin masu tsawar, ka ba shi lokaci ya gama, domin wurin da irinsa yake shi ne wurin da ya dace ka kai ɗanka.