Kirsimatinmu a Birnin Landan

Mu biyu ne, dukanmu malaman makarantar ikkilisiya, aka aika ƙasar Ingila a watan Satumba na 2022 domin kos na wata shida a kan koyar da yara. Tun kafin mu tashi mun san ba za mu yi Kirsimati a gida ba, gama kuɗin jirgi na zuwa da komowa a Disamba ya fi ƙarfin aljihun malami. Muka yi sallama da iyali cikin fara'a, muna cewa ai wata shida kamar gobe ne. Ɗayanmu kuwa, wato mai wannan rubutu, shi ne ɗan fari a gidansu, mahaifinsa kuma ya rasu da damina a shekarar nan. Ke nan Kirsimati ta fari da tsohuwarsa za ta yi ba miji, ba babban ɗa.

Mai karatu da ya san hunturu kada ya ce ya san sanyi. A Landan cikin Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuwa ta fāɗi. Ka shiga aji da duhu, ka fito da duhu. Daren Lahadi 11 ga wata dusar ƙanƙara ta sauka, da gari ya waye muka ga itatuwa da motoci duka fari fat. Muka fita muka damƙa ta da hannu kamar yara, ba a jima ba yatsunmu suka ƙage, muka koma ciki da gudu. Shekarar nan kuma kuɗin wuta da gas ya hau ƙwarai saboda yaƙin Rasha da Yukren, har majami'u da yawa suka riƙa buɗe ɗakunansu domin waɗanda ba su iya ɗumama gidajensu su zo su zauna.

Wata rana da yamma muka je dandalin Trafalgar mu ga itacen Kirsimati. Dogon itace ne ƙwarai, an jera masa fitilu daga sama zuwa ƙasa. Birnin Oslo na ƙasar Nowe ne yake aiko da shi kowace shekara tun 1947, domin godiya ga Ingila saboda taimakon da ta yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sarkinsu ya yi gudun hijira zuwa Landan. Ƙungiyoyin mawaƙa sukan tsaya a gindinsa suna waƙoƙin haihuwar Ubangiji, suna tara kuɗin taimakon mabukata. Muryar waɗansu waƙoƙin mun san ta tun muna yara, sai muka bi su a hankali da Hausa. Wani ɗan yaro ya juyo yana kallon bakinmu.

Sati guda kafin idi, kwalejin ta watse. Ɗalibai suka ja akwatunansu, aka rufe ɗakin cin abinci, dogon benen nan ya zama namu mu kaɗai. A nan ne tunanin gida ya kama mu sosai. Muka tuna a irin wannan lokaci ne akan gama tara kuɗin watanda, a jawo sa a ɗaure a gindin mangwaro. Tela ba ya barci, yara suna zarya suna tambayar ko an gama ɗinki. Zumuntar mata suna gwada sababbin waƙoƙi da tulu da kacau-kacau har dare ya yi nisa. Ran idi kuma kwanonin shinkafa su yi ta ƙetare katanga zuwa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda nasu yake zuwa mana da Salla. Wa zai karɓi kason gidanmu a wurin watanda bana? Wannan aikin Baba ne shekara da shekaru, bayansa kuwa namu ya kamata ya zama.

Lahadin da ta gabaci idi, faston majami'ar unguwar da muke zuwa ya ce duk wanda ba shi da wurin cin abinci ran Kirsimati ya gan shi bayan sujada. Muka dubi juna, muka yi shiru. Dattawa masu 'ya'ya, mu je mu rubuta suna a ba mu abinci? Kunya ce muka kira ta a lokacin, amma a gaskiya da girman kai a ciki. Muna sa rigunan sanyi a bakin ƙofa sai wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta riƙe hannun rigar ɗayanmu, ta ce, “Na gan ku ba ku je wurin fasto ba. Ƙarfe ɗaya, a gidana.” Ta miƙa mana takarda da lambar gida. Ta so mu kira ta da sunanta yadda suke yi, bakinmu bai iya ba. Mama muka ce mata, ta yi dariya ta karɓa.

Ran 25 ga wata ta faɗo Lahadi. Ƙanƙara ta riga ta narke, sanyi ya ɗan sassauta. Abin da ya ba mu mamaki shi ne shirun garin. Babu bas, babu jirgin ƙasa, har wanda yake bi ta ƙarƙashin ƙasa bai motsa ba, doka kuma ta hana manyan kantuna buɗewa. Birni mai mutane miliyoyi, amma kana jin takun ƙafarka. Tasu Kirsimatin ta cikin ɗaki ce, kowa da nasa, ƙofa a rufe. Sujada ma sa'a guda aka yi aka tashi, ba rawa, ba zagaya gari. Amma kada mu yi musu rashin adalci, da yawa sun zo sujadar dare, kuma karatun Luka sura 2 ɗin nan da muka saba ji shi aka karanta.

Da ƙafa muka je gidan Mama, tafiyar kusan sa'a guda. Ɗaki ɗaya kaɗai ta ɗumama, a nan ta shirya tebur. Ga gasasshen talotalo, ga dankalin Turawa, ga wani ɗan ƙaramin kabeji kamar ƙwan zabo wanda sai an daure ake haɗiye shi. Ta sa muka ja waɗansu 'yan ƙunshin takarda masu fashewa kamar bindigar wasa, a ciki akwai hular takarda. Haka nan malamai biyu suka zauna da hular sarautar takarda a kā. Da ɗalibanmu sun gani, da mun sha dariya har ƙarshen zango. Muka fito da kwalbar yajin da muka taho da shi daga gida. Mama ta ce sai ta ɗanɗana, ta ɗanɗana kuwa, ta yi tari har da hawaye.

Ƙarfe 3 ta kunna talabijin domin jawabin sarki. Al'ada ce tun 1932, lokacin da Sarki George na Biyar ya fara ta a rediyo. Na 2022 shi ne na fari da Sarki Charles ya yi, gama mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth ta rasu ran 8 ga Satumba. Da aka gama, Mama ta daɗe ba ta ce kome ba. Daga baya ta nuna mana kujerar da ɗayanmu yake zaune, ta ce ta mijinta ce, shekara biyu da rasuwarsa. Ɗansu guda yana Ostareliya. Bara ita kaɗai ta ci abincin nan. Ashe mu da muka zaci sadaka aka yi mana, an daɗe ana neman wanda zai zauna a kujerun.

Sai waya ta yi ƙara, daga gida. Fuskokin yara suka cika gilashin, kowa yana nuna sabuwar rigarsa, ana jin kiɗa daga filin majami'a. Uwargida ta ce babban yaronmu, ɗan shekara 16, shi ya je ya tsaya a watanda, ya kawo kason gida, har ya kai wa maƙwabta nasu. Aka kai wa tsohuwa wayar.

“Inna, barka da Kirsimati.”

“Barka kadai, Malam. Ka ci abinci? Wa ya dafa muku?”

Muka juya wayar ta ga Mama. Tsofaffin nan biyu suka tsaya suna duban juna, ba mai jin harshen wata, mu ne tafinta. Inna ta ce a gaya mata ta gode, Allah ya sāka, ta riƙe mata ɗa amana sai ya komo. Mama ta ce a tambaye ta ko ita ma wannan ce ta fari. Muka fassara da ƙyar. Inna ta gyaɗa kai. Daga nan ba su nemi tafinta ba, sai ɗaga wa juna hannu suke yi har layin ya yanke.

Da za mu tafi ta cika mana kwano da sauran naman. Muka bi titunan nan marasa kowa cikin duhu, muna karɓa-karɓa da kwanon. A garinmu ba a mayar da kwano wofi, saboda haka ran Talata muka nemi shinkafa da manja a wani kantin 'yan Afirka, muka yi dafa-duka muka kai mata. Ta cinye rabi a gabanmu, ta ce mu komo Lahadi mai zuwa, amma a rage yaji.