Tafiyar Ƙarshe Da Motar Baba

A finafinan Amurka muka fara ganin mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, iyali su kwashi kayansu su yi ta yawo daga wannan dutse zuwa wancan tafki. Tamu ba ta kai nan ba. Tsohuwar Toyota Hiace ce da Baba ya daɗe yana jigilar fasinja da ita tsakanin Kano, Bauchi, Jos da Lafiya. A hutun Disamba ya sa aka kwance kujerun baya, aka shimfiɗa katifu biyu, Umma ta ɗaura labule da tsohon zanenta, aka ɗora risho da jarkoki da buhun shinkafa. Ya ce mu shirya, kwana biyar za mu yi a hanya.

Gaskiya ba mu yi murna ba. Mu biyar ne, daga Yaya da ya gama hidimar ƙasa zuwa Auta da ke aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma kowa na da uzurinsa. Har da kunya, don kada abokai su gan mu a motar haya da labulen atamfa. Sai daren tafiya Umma ta tara mu ta faɗa mana dalili. Likita ya ce yana ta fara rufe idon Baba, da yamma ba ya gani sosai, dole ya bar tuƙi. An riga an yi cinikin motar. Ya ce shekara 23 yana wuce wuraren da mutane ke biyan kuɗi su je kallo, bai taɓa tsayawa ba, saboda fasinja ba sa jira. Babu wanda ya ƙara kawo uzuri.

Bayan asuba muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, muka kwana a Bauchi a ƙofar gidan ƙanen Umma. Washegari muka hau titin Gombe, muka karkata a Dindima zuwa Yankari.

Dukanmu mun taɓa haddace Yankari don jarrabawa: an kafa shi a 1956, an buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Amma babu littafin da ya gaya mana yadda ruwan Wikki yake a jiki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai, kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, domin daga can cikin ƙasa yake ɗauko zafinsa, ba daga rana ba. Ga hunturu na kaɗawa a sama, ga ruwa kamar an sirka maka na wanka. Baba ya naɗe wando ya zauna a bakin ruwan ya tsoma ƙafafunsa. Ya fi minti talatin bai ce uffan ba. Mu da muka saba ganin ƙafafun nan a kan birki da totur, sai muka ga ashe ƙanana ne.

Giwa dai ba mu gani ba, sai sawunta da kashinta a kusa da kogin Gaji. Mun ga gwanki da mugun dawa. Gwaggon biri kuwa shi ya zo ganinmu: Auta ya bar taga a buɗe, wani ƙato ya zura hannu ya ɗauke burodin kalacinmu, ya hau bishiya yana ci yana kallonmu. Umma ta ce, "Ai shi ma baƙonsa ya zo." Ranar gari da ƙuli muka sha.

A Jos sanyi ya koya mana darasin da muka yi barci a kansa a aji. Garin na bisa tsauni da ya haura mita 1,200, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi. A harabar gidan wani tsohon abokin Baba na tasha muka ajiye motar. Mata suka shiga ciki, maza muka cunkushe a kan katifa da bargo ɗaya, ana jan sa kamar igiya har asuba. Alwalar safiyar nan, kada ma ku tambaya.

Rana ta huɗu muka nufi kudu. Muka tsaya a Riyom muka kalli duwatsun da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, sannan muka iso Hawan Kibo, gangaren da direbobi ke ambata da addu'a. Baba ya sa giya ta biyu, ya ce wanda ya dogara da birki kaɗai a nan, birkin zai yi zafi ya ƙi kamawa. Yana sauka yana nuna mana kwanar da ya taɓa kwasar waɗanda suka yi haɗari. A ƙasan gangaren ruwan Assop yake, yana zubowa hawa-hawa a kan duwatsu cikin inuwar itatuwa. Rani ya rage masa ƙarfi, amma ƙararsa ta isa ta hana ka jin na kusa da kai. Baba ya ce ya wuce nan sau ɗaruruwa, allon bakin titi kawai ya sani.

Mun shagala har la'asar ta yi sanyi. Da muka dawo wajen mota, Baba ya tsaya ya dubi hawan, ya dubi rana. A iya saninmu bai taɓa ba kowa tuƙin motar nan ba. Kuma da yake Yaya ɗan fari ne, ba ya kiran sunansa. Sai kawai ya miƙa makulli gefe ya ce, "Kai, karɓi." Ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja. Yaya ya ce, "To, Baba," hannunsa na rawa. Har muka ƙure hawan babu mai magana, sai Baba da ke cewa a hankali, "Sauya. Bar ta haka. Kada ka matsa mata."

Kwana uku da dawowarmu aka mayar da kujerun, mai saye ya zo. Baba ya ƙirga masa takardu, ya nuna masa inda lagireto ke ɗiga. Mutumin ya tayar da mota har ya fara ja, Baba ya bi shi ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "In ka je Hawan Kibo, giya ta biyu."