Ɗigon da Ke Ƙarƙashin Motar Baba

Auta ce ta fara ganinsa. Da safiyar Litinin tana sharar gindin darbejiyar da muke ajiye mota a gidanmu na Gummi, sai ta tarar da wani baƙin tabo a cikin rairayi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta kira mu, muka fito mu huɗu muka tsugunna muna kallonsa kamar masu duban sawun ɓarawo.

Motar ta Baba ce, Allah Ya jiƙansa. Tsohuwar Marsandi ce ƙirar 200D mai shan gas, 'yar Kwatano, wadda ta girmi biyu daga cikinmu. Da aka zo rabon gado babu wanda ya yarda a sayar, babu kuma wanda zai iya biyan sauran, sai ta zama ta kowa. Abin kowa kuwa an san halinsa: kowa na tuƙawa, ba mai leƙa ƙarƙashi.

Da a wani makon ne, da mun tura ƙasa da ƙafa mun rufe tabon. To amma ranar Alhamis Inna na da ganin likita a Gusau, kuma wannan motar ce za ta kai ta. Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gummi ta bi Daki Takwas, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta shiga Anka kafin a kama hanyar Gusau, ya san cewa a shekarun nan ba hanyar tsayawa a buɗe bonat ba ce. Ana fita bayan hantsi, ana so a isa kafin la'asar, kuma ba mai son motarsa ta mutu a tsakiyar daji saboda 'yan bindiga. Ɗigon da a wani gari zancen kuɗin gyara ne kawai, a wurinmu zancen rai ne.

Nan take kowa ya zama bakanike. Yaya Babba ya ce baƙin mai ne, tunda baƙi ne. Mai bi masa ya ce lagireto ne, don ya ga allurar zafi ta ɗan ɗaga ranar Juma'a. Wani maƙwabcinmu da ya leƙo ya ce tsohuwar mota ba ta rasa yoyo, mu sayi galan ɗin mai mu jefa a but, duk inda ya ragu mu ƙara. Shawarar ta yi mana daɗi, domin ita ce mafi sauƙi.

Inna na zaune kan tabarma tana jin mu. Ta ce, "Ku ƙara mi? Kun san abin da ka zuba?" Muka yi shiru. Ta ce a je a kira bakaniken da ya saba duba motar tun Baba na da rai.

Dattijo ne, muna ce masa Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Da ya zo bai ko taɓa sifana ba. Ya dubi tabon ya ce rairayi maƙaryaci ne, kome ya zuba cikinsa baƙi yake komawa. Ya sa muka tura motar kan simintin ƙofar zaure, muka yage kwalin taliya muka shimfiɗa a ƙarƙashinta tun daga hanci har baya, muka danne da duwatsu, muka zana inda kowace taya take da biro. Sannan ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya nuna mana inda man ya tsaya, ya duba ruwan lagireto injin na sanyi, ya duba robar man birki da ta man sitiyari, ya ce mu rubuta. "Ku bar ta ta kwana," in ji shi. "Gobe ita da kanta za ta yi magana."

Kafin ya tafi ya zauna ya sha shayi, ya karanta mana abin da muke ganin ya kamata duk mai mota ya sani. Baƙin man injin gas yana yin baƙi ƙirin cikin 'yan kwanaki da zuba shi saboda hayaƙin da ke shiga cikinsa, yana da kauri, ba ya bushewa. Man giya da na bayan mota sun fi shi kauri, suna da wani wari mai hawa kai irin na farar wuta. Man sitiyari yawanci ja ne idan sabo ne. Ruwan lagireto, in na kanti ne, kore ne ko ruwan hoda. In kuwa ruwan rijiya ake zubawa kamar yadda yawancinmu ke yi, launin tsatsa yake fitowa. Ruwan na'urar sanyaya mota fari ne tas, ba wari, ba komai ba ne. Man birki kuma shi ne abin tsoro: garai-garai yake, da santsi, an fi ganinsa ta cikin taya, kuma idan aka ɗiga shi cikin ruwa gauraya yake yi, ba ya tasowa sama kamar sauran mai. Ya ce in shi ne, ko ƙofar gida kada motar ta fita.

Ɗayanmu ya ce ai ya ga kanikawa na ɗanɗanawa da harshe su gane. Kawu ya ɓata rai. Ya ce ruwan lagireto na kanti zaƙi gare shi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Akuya ko yaro mai rarrafe na iya lasa. Hanci da yatsa sun isa.

Da asubar Talata muka janyo kwalin. Ɗigo ne a wuri ɗaya, ƙarƙashin injin, can wajen bayansa. Baƙi ne. Yaya Babba ya yi murmushin wanda ya ci gardama. Amma sandar gwaji ta nuna baƙin mai bai ragu ba, lagireto cike, man birki na nan inda yake. Kuma kewaye da baƙin ɗigon akwai wani zobe mai faɗi da ya jiƙa kwalin ya sa shi shara-shara, kamar takardar da aka naɗe ƙosai.

Kawu ya shafa, ya murza, ya kai hanci. "Wanga gas na," in ji shi. "Dauɗa ce ya kwaso bisa hanya." Ya bayyana mana cewa gas ba ya tashi da wuri kamar fetur. Idan ya tsiyayo daga sama, sai ya bi jikin injin yana wanke tsohon maiƙo da ƙurar shekaru, kafin ya kai ƙasa ya rikiɗe ya zama kamar baƙin mai. Inda ɗigo ya faɗi kuma ba ya nuna inda ya fito. Yakan bi ƙarfe, ya bi waya, iska ta kora shi baya, sai ya sami wuri mafi ƙasa ya saki. Da mun bi launi, da mun kwance kaskon mai mun canza gasket mai lafiya.

Sai aka koma neman tushe. Muka wanke injin da ruwan omo, muka bar shi ya bushe a rana. Kawu ya aika a karɓo hodar jarirai wurin matar Yaya, ya barbaɗe gefen injin har ya yi fari. Aka tayar da mota. Muka kewaye ta da tocilan waya, ya ce kada mu dubi ƙasa, mu nemi wuri mafi tsawo da hodar za ta jiƙe. Ba a yi minti goma ba sai ga wani siririn layi ya ɓullo daga saman injin. A tsakanin nozul huɗun akwai 'yan ƙananan tiyo masu rigar zare, waɗanda ke mayar da ragowar gas zuwa tanki. Na wajen baya ya tsufa ya tsage, zaren ya jiƙe sharkaf. Tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba.

Inna ta taso da sandarta ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce abin ya tuna mata da shekarar dalma. Danginta na ƙasar Anka ne, kuma ba mu manta 2010 ba, lokacin da yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a Dareta da Abare da Bagega, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. An yi ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana ba da maganin abin da ido ya gani. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka bi diddigi aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke wasa. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani kaɗai bai wadatar ba, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Inna ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Mun binne ɗiya da yawa muna maganin abin da ba shi ba ne." Ta koma tabarmarta.

Kawu ya canza tiyon duka, ba wanda ya tsage kaɗai ba, don ya ce tare suka tsufa. Kuɗinsu bai kai na galan ɗin man da maƙwabci ya ce mu saya ba. Ya ce da an bar shi, tsagar za ta buɗe ne a kan gudu, gas ya riƙa feshi kan injin mai zafi, tanki na raguwa ba mu sani ba, mu kuwa muna ta ɗura baƙin mai a inda ba a buƙata. Daren Laraba muka sake shimfiɗa sabon kwali. Da safe muka same shi a bushe, sai sawun kyanwa.

Ranar Alhamis muka fita bayan hantsi, Inna a gaba da carbinta. Mun wuce Daki Takwas, mun wuce Anka, ba wanda ya yi wata hira mai tsawo sai da muka hango Gusau. Likita ya duba ta, muka kwana, muka juyo ranar Juma'a.

Yanzu akwai kwali a jingine a bayan ƙofar zaure. Mun yi yarjejeniya cewa duk wanda zai yi tafiya da motar Baba, shi zai shimfiɗa shi daren jajibiri, shi zai duba da asuba. Auta ce ke riƙe da littafin da muke rubuta abin da sandar gwaji ta nuna, kuma ba ta ba da makulli sai ta ga kwalin da idonta.