Ranar Da Muka Kai Amarya Nguru

A wannan fitowar na ɗan ajiye ƙagaggen labari, zan ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi cikin hunturun da ya wuce, daga garinmu Kaugama zuwa Nguru, tafiyar da ta sa na ji kunyar bakina.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da ƙanwata ta fito da miji, aka ce ɗan Nguru ne kuma gidansu masunta ne kaka da kakanni, ni ce kan gaba wajen kushe abin. Har na taɓa ce mata, "Ke yanzu duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki so sai mai ƙarnin kifi?" Ba ta ce da ni uffan ba, sai hawaye. To da yake matar mutum kabarinsa, iyaye suka bincika suka gamsu, aka ɗaura aure, ni kuma aka sa ni cikin 'yan kai amarya ina cika ina batsewa.

Da sassafe muka fito cikin bas, sanyi na kaɗawa, hazo ya lulluɓe gari. Ga wadda ba ta sani ba, Kaugama tana cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja, kuma mu mutanen tudu ne. Ƙasarmu yashi ce, ta gero da riɗi da zoɓo da kankana. A lokacin an gama kawar da amfanin gona, ba abin da kake hange sai kara da kukoki tsirara, sai ko gawo da ya yi kore shar, shi da ba ya yin ganye sai da rani. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya da na kududdufi.

Muka biyo ta Malam Madori, inda titin jirgin ƙasa ya ratsa. Nan Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Allah Sarki, 'yan nan, da ƙuruciyarmu a jirgi ake zuwa Nguru." Gaskiyarta kuwa, tun 1930 titin ya taso daga Kano ya ƙare a Nguru, ana ɗauko gyaɗa da fatu a kansa.

A Haɗeja muka tsaya shan mai. Gari ne na mazan jiya, don a nan ne Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906, aka gwabza har ya rasa ransa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Amma ni a ranar ba tarihi ne ya dame ni ba, wani mai tallar bandar kifi ne ya zuro tire ta taga, na yi maza na toshe hanci da gefen mayafi. Amarya ta gan ni ta ƙasan lulluɓi, ta sunkuyar da kai.

Muna barin Haɗeja muka nufi Kirikasamma, sai duniya ta sake kama. Yashi ya ɓace, ƙasa ta yi baƙi, ga fadamu shimfiɗe iya ganinka. Nan alkama ta yi kore, can albasa da tattasai, ga injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Goruba kuwa kamar an jera ta da hannu. Garken shanu na kiwo a bakin ruwa, balbelu na biye da su fari fat. Can na hango wani yaro kwance ruf da ciki a kan gora yana su, na saki salati don na zaci nutsewa zai yi, mota duk aka kwashe da dariya.

Da muka ƙara nisa sai na ga wata doguwar ciyawa ta fi mutum tsawo, ta cika ruwa maƙil, iska na kaɗa ta. Na ce, "Kai, wannan abu da kyau yake!" Baffan ango da ke zaune a gaba ya waiwayo ya ce, "'Yata, wannan ai ita ce kachala, ita ta hana mu barci."

Ya yi mana bayani cewa a da kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya janye, a yi su, a yi noma, a yi kiwo. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canza, wasu hanyoyin ba sa bushewa duk shekara. Kachala ta samu wurin zama ta toshe su, ruwa ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma ya daina kai musu. A cikinta jan-baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa. Ya ce har gayya suke yi, magidanta su shiga ruwa iya wuya da lauje suna yanka don kwale-kwale ya samu hanya. Jikina ya yi sanyi, na kasa cewa komai.

Wajen la'asar muka shiga Nguru, ƙasar Yobe, jihar da aka ƙirƙira rana ɗaya da tamu Jigawa, 27 ga Agusta 1991. Bayan an sauke mu, 'yan matan gidan suka raka mu bakin tafki. Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ruwa ya ɗauki launinta, ga bado ya baje ganye, masunta na dawowa suna tuƙa kwale-kwale a hankali. Sai ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya kamar hadari. Wasunsu daga Turai suke ƙetaro Hamada don gudun sanyin can, su yi hunturu a nan su koma. Saboda haka ne a 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya.

Da muka koma gida, na tarar da uwar miji a gindin murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙo hannuna tana murmushi ta ce, "Sannu da hanya 'yata. Sai haƙuri da ƙarni fa, mu da shi muka yi wa yaran nan karatu, da shi muka yi lefen ƙanwarki." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko wani ne ya kai mata maganata, ko dacewa ce kawai, har yau ban tambaya ba.

A daren na shiga ɗakin amarya na zauna kusa da ita na ce, "Ki yafe mini abin da na faɗa." Ta rungume ni tana kuka ta ce, "Haba Yaya, ya wuce."

'Yan uwa, don Allah mu riƙa tauna magana kafin mu kushe sana'ar gidan wani, balle wadda ba mu taɓa ganin wahalarta da ido ba. Washegari da za mu taho, tsohuwar ta cika mini kwali da banda, a cinyata na riƙo shi har Kaugama. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.