Mako Shida Kafin Kifi Ya Shiga

A Tamanhint, ƙaramin garin da ke kimanin kilomita 30 arewa maso gabas da Sabha a ƙasar Fazzan, akwai wani mutumin Damagaram da ya daɗe yana kula da injinan ban ruwa a wata gona. A nan aka haifa masa ɗa namiji, wanda ya kai shekara tara bai taɓa ganin ruwan da ya fi tankin gonar faɗi ba, domin tsakanin Sabha da Tarabulus, inda teku take, akwai tafiyar fiye da kilomita 700 a mota. Yaron ya ƙwallafa ransa a kan kifayen teku masu launi da yake gani a waya. Da uban ya sami dalilin zuwa Tarabulus, sai ya kashe abin da ya tara na wata uku, ya dawo da akwatin gilashi mai cin lita 100, da buhun gishirin teku, da famfo, da matata, da duwatsun murjani, da kifaye huɗu cikin leda.

Ranar da ya iso ya haɗa ruwan, washegari ya saki kifayen. A kwana na uku suka ƙi cin abinci, suka taso sama suna haki. Kafin mako ya zagayo ya binne na ƙarshensu a gindin dabino, yaron na tsaye bai ce uffan ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ruwan yana nan garau kamar ranar farko. Uwargidansa ta dubi akwatin ta ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Ka tambaya kafin ka sake kashe ko sisi."

Wani malamin kimiyya da suke haɗuwa a masallaci ne ya warware masa. Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama. A teku yawan ruwa yana shanye ta, a cikin lita 100 kuwa taruwa take yi, kuma ba ta da launin da ido zai kama. Dafinta ya fi tsanani a ruwan gishiri, wanda ma'aunin pH nasa yake tsakanin 8.1 da 8.4, kuma zafi yana ƙara mata ƙarfi. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da masani Sergei Winogradsky ya bayyana aikinsu a wajajen 1890. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirayit. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da naitirayit naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana kuma rage shi da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi a jikin dutse da yashi da matata suke zama, kuma suna hayayyafa a hankali ƙwarai. Sabon akwati ba shi da isassunsu, sai an ba su mako huɗu zuwa shida.

Mutumin bai sami kalma ɗaya ta Hausa da zai kira wannan jira da ita ba, sai ya ara daga marina. A karofi, kamar na Ƙofar Mata a Kano, ana zuba baba da toka a rami, a bar su kwanaki ana motsawa, kuma marini ba ya tsoma zane sai ramin ya nuna. Shi ma ya ce wa ɗansa ruwan nunawa zai yi.

Ya zubar da tsohon ruwan, ya sayi tataccen ruwan sha na jarka, ya auna gishiri har ya kai kusan giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Wani maƙwabci ya ba shi shawarar ya huta da sayen gishiri, ya ɗebo ruwa daga tafkin Gabrun da ke cikin rairayin Ubari. Malamin ya hana. Gishirin tafkin ya zarce na teku nesa, haɗinsa ma dabam ne. Abin da ya shahara da rayuwa a cikinsa shi ne wani ɗan mitsitsin jatan lande da mutanen Dawada suka riƙa kamawa suna ci, kafin a tashe su daga wurin a shekarun 1980. Irin wannan halitta masu kiwon kifi a duniya suke ƙyanƙyasarwa don ciyar da 'ya'yan kifi, amma ruwanta ba mazaunin kifin murjani ba ne.

Daga nan ya shiga ciyar da akwatin da babu kowa a ciki. Kullum yana barbaɗa ɗan abincin kifi don ya ruɓe ya ba ƙwayoyin amoniya, duk bayan kwana biyu yana ɗiga maganin gwaji a kwalba, yaron yana rubuta sakamakon a littafin makarantarsa. A mako na biyu amoniya ta hau. A na uku ta fara sauka, naitirayit ya maye gurbinta. Wannan zango ne ya fi gwada haƙuri, domin rukuni na biyu ya fi jinkiri, kwalbar tana nuna launi guda kwana da kwanaki. Duwatsun suka yi wani ƙasa-ƙasa kamar tsatsa, abin da aka saba gani a sabon akwati. Yaron ya ce, "Baba, ko ruwan ya lalace ne?" Ya ce, "A'a, ɗana. Rubuta abin da ka gani kawai."

Fazzan ma ta kawo nata sharuɗɗan. Zafin bazara yana wuce digiri 40, alhali kifin murjani yana son 24 zuwa 26, don haka ya mayar da akwatin ɗakin da ya fi sanyi, ya sa fanka tana hura saman ruwan. Hakan ya ƙara tsotsewar ruwan, sai ya koyi cewa gishiri ba ya bin tururi: abin da ya ragu da ruwan daɗi ake cike shi, in ba haka ba gishirin zai yi ta ƙaruwa. Idan an ɗauke wuta kuma famfo ya tsaya, ƙwayoyin suna rasa iskar da suke aiki da ita. Saboda haka ya jona ƙaramin injin iska da batirin mota.

A kwana na 38 amoniya da naitirayit duka suka nuna sifili, naitiret ya bayyana. Duk da haka bai aika a kawo kifi ba. Ya samo ruwan amoniya ta hannun malamin, ya ɗiga har ma'auni ya kai miligiram 2 a lita, ya jira awa 24. Da kwalaben biyu suka sake komawa sifili, ya san ƙwayoyin sun isa ɗaukar nauyi. Wannan gwaji, ba ƙidayar kwanaki ba, shi ne ke ba da izinin sa kifi. Ya canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan don rage naitiret.

Direban da ke zuwa Tarabulus ya kawo masa kifaye biyu tak, masu ruwan lemo da fararen ratsi, domin yawan ƙwayoyin yana bin yawan abincinsu ne, kuma kowane sabon kifi sai an ba su mako biyu ko fiye su cim masa. Ya bar ledar tana iyo a saman ruwan na ɗan lokaci, yana ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ya miƙa wa yaron 'yar komar. Washegari da asuba, kafin uban ya dawo daga masallaci, yaron ya riga ya yi gwajin ya rubuta sifili biyu a littafinsa, kifayen kuwa suna ƙarƙashin dutse suna jiran abinci.