Man Gwangwanin Kifi



Tun da likita ya ce in rage ƙiba saboda hawan jini, na koma karanta jikin gwangwani. Kifin Titus da nake karyawa da shi a gidanmu na Yindiski, giram 125 aka rubuta, amma har da mansa. Babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, sai na fara tsiyayewa ina zubarwa.

Hajiyarmu ta gani ta ce, "Almubazzaranci! Mu da muka zo garin nan da tabarma ɗaya?" Ta juye man a miyar dare. Na kuwa sha, har da ƙari.

Yanzu a shinkafar yara ake zuba shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.